Motar da Kowa Ya Ji Kukanta Ban da Baba

Mahaifinmu direban gwamnati ne. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana ɗauko manya daga gidajensu na GRA yana kai su ofis, masu kaki da masu babbar riga, duk wanda zamani ya kawo. Amma ba tuƙi ne ya yi masa suna a Ƙofar Ƙwaya ba, kunne ne. Duk wanda zai sayi tsohuwar mota a unguwarmu, kai har daga Ƙofar Sauri da bayan ganuwa, sai ya kawo ta ƙofar gidanmu Baba ya saurara. Ko goro ba ya karɓa. Zai fito da 'yar shara, hula a karkace, ya ce a tayar, ya runtse ido. In ya ce "a saya", an saya ke nan. In kuwa ya ce "Allah ya haɗa kowa da rabonsa", mai mota ya san ya ja kayarsa ya ƙara gaba.

Yana da wata doguwar sukudireba mai mariƙin katako, wadda ba ya yarda kowa ya kwance ko ƙusa da ita. Aikinta ɗaya ne. Yakan ɗora bakinta a jikin inji, ya manna mariƙin a kunnensa, ya yi ta matsawa da ita daga nan zuwa can har ya kamo inda ciwon yake.

Ni ne ɗan fari, saboda haka Baba bai taɓa koya mini komai baki da baki ba. Bai taɓa kiran sunana ba, ni ne "wancan". In yana son buta kuma ni kaɗai ne a wurin, sai ya dubi bango ya ce a kawo buta. Ni ma ban taɓa ɗaga ido na dube shi ba, muryata kuma in ina gabansa ba ta wuce ƙirjina. Ɗan abin da na sani na mota a tsaye na tsince shi, ina bayan mutane yana yi wa wasu bayani. A haka na ji cewa ƙara mai tsini da sassafe bel ne, ba abin tayar da hankali ba. Ƙwas-ƙwas wajen shan kwana daga ƙafa yake. Wanda Baba ya fi tsana shi ne siririn kuka da ke ɗaukewa in an taka kuloci, ya dawo in an saki. Ya ce wannan boris ne a cikin giyabos, ɗan abu kamar zobe. In an kama shi da wuri, aikin yini ne. In aka bar shi, zai ci haƙoran giya ɗaya bayan ɗaya, sai an wayi gari babu abin gyarawa.

Shekarar da sojoji suka miƙa mulki, Baba ya riga ya yi ritaya yana jiran haƙƙinsa. Gari ya cika da fastoci da motoci masu lasifika, kowane bango da fuskar wani yana murmushi. Motocin Kwatano suka dinga kwararowa, don kowane sabon kansila yana son a gan shi a bayan sitiyari. Da farko ƙofar gidanmu ta zama kamar tasha. Daga baya sai ƙafa ta fara ɗaukewa. Wani kansila ya kawo tasa, Baba ya ce a saya, ba ta rufa wata ba ta kwanta. Ba wanda ya zo ya faɗa wa Baba, kawai dai aka daina kawowa. Shi kuwa ya ɗora laifin a kan siyasa. Ya ce tunda farar hula suka dawo, kowa ya zama gwani, kowa da bakinsa.

Mu a cikin gida mun san abin da ke faruwa. Rediyon Baba ya fara tashi har maƙwabta na jin labarai kyauta. Ya ce limamin unguwa ya tsufa, karatunsa ba ya fita. Ya ce yaran yanzu ba sa buɗe baki in suna magana, sai ka ce da tuwo a ciki. In ana gaishe shi, bakin mutum yake kallo, kuma da yake gaisuwa a jere take, ba ya kuskure: lahiya lau, da godiya, sai alheri. Wanda bai sani ba zai rantse yana ji sarai. Baba yana kurmancewa a hankali, kuma shi kaɗai ne bai sani ba.

Da aka biya shi haƙƙinsa, ya ce mota zai saya ya riƙa jigilar fasinja zuwa Jibiya, don fansho ba ya ciyar da gida. Albashina na akawu a sakatariya kuwa ko tsakiyar wata ba ya gani. Duk abin da ya tara a rayuwarsa shi ya ɗauka ya zuba a mota ɗaya, kuma da ita za mu ci.

Ranar da dillali ya kawo ta, unguwa ta fito kallo. Doguwa ce fara, an wanke ta an goge tana ƙyalli, har da ledar kujeru. A cikin masu kallo akwai wani makanike mai gareji a Ƙofar Sauri. Wannan mutum tun yana wankin mota a garejin gwamnati Baba ya ɗauke shi ya kai shi koyon sana'a, shi ya tsaya masa har ya yi aure. Yaya nake ce masa. Aka tayar da mota. Baba ya runtse ido, ya ɗora sukudireba nan, ya ɗora can. Ni kuwa daga inda nake tsaye na ji shi, siriri kamar kukan sauro, yana fitowa daga ƙarƙashin kujerar direba. Dillali ya ɗora ƙafa a kan kuloci ya bar ta a can yana ta zuba surutu, kukan ya ɗauke. Da ya sauke ƙafar, ya dawo.

Na dubi Yaya makanike. Ya dubi ƙasa.

Baba ya buɗe ido ya ce, "A saya."

Aka yi addu'a aka shafa. A lokacin ni kaina na ƙaryata kunnena. Wane ni in ji abin da Baba bai ji ba? Haka kowa ya gaya wa kansa a wurin nan, na tabbata, har da masu dogon gemu.

Mota ta fara aiki, gida ya ɗan farfaɗo. Nama ya dawo cikin miya. Baba yakan fita bayan asuba ya dawo bayan la'asar, fuskarsa a sake, ya wanke motar da hannunsa. Kukan kuwa yana girma. Daga sauro ya koma kamar injin niƙa a nesa. Inna, mahaifiyarmu, tana tsakar gida take sanin ya shigo layi, tun kafin yara su sheƙo da gudu. A tasha 'yan kamasho suka raɗa wa motar suna Mai Guɗa. A gabansa suke faɗa, suna dariya, shi ma yana taya su don ya ga haƙora a waje. Wannan abu da na ji shi ya ƙona mini rai ƙwarai.

Na sami Inna tana tankaɗe. Ita ma ba ta kiran sunana, amma ita aƙalla tana amsa mini.

Na ce, "Inna, motar nan ba ta da lahiya. Ki hwaɗa mashi."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "In hwaɗa mashi mi? In ce mota na kuka, ya ce shi bai ji ba, sannan in ce mashi mi?"

"Ki ce kunnenshi ne."

Ta ajiye rariya. "Kai, ka san abin da kake cewa kuwa? Mutumin da ba shi da gona, ba shi da shago, ba shi da komi sai kunnen nan? Ba a bakina ba. Ka tahi wajen yayanka makanike, su maza su san yadda za su yi."

Na tafi Ƙofar Sauri. Na iske Yaya a ƙarƙashin wata motar kamfen da aka bari da fastocinta. Muka gaisa, ya tambayi Baba, ya tambayi Inna, ya tambayi aiki, na tambayi iyali, duk muna kewaye abin da ya kawo ni. Da na faɗa, ya goge hannu da tsumma ya daɗe yana gogewa.

Ya ce, "Ƙanena, tun ranar hwarko na ji. Ko daga tsallaken titi ya wuce ina ji. Boris ne. Yanzu ma in an buɗe ana iya ceto ta."

"To mi ya hana?"

"In ya kawo ta juyen mai, sai in ce ta kwana, in gyara ba tare da ya sani ba. To Baba shi ke juye man shi da kanshi. Makulli kuwa ko kai ya taɓa ba ka?"

Bai taɓa ba. Makullin a aljihun 'yar cikinsa yake kwana.

Na matsa masa, har ya yarda zai gwada. Ranar wata Juma'a bayan an sauko ya biyo mu gida, ya durƙusa ya gaida Baba a zaure. Ina gefe. Ya yi ta kame-kame, can ya ɗaga murya kaɗan ya ce, "Baba, da an bar mani motar nan ta kwana, in ɗan duba giya."

Baba yana kallon bakinsa, ya kama kalmar giya. Ya ɗaure fuska. Ya ce, "Giya? Ni za ka hwaɗa ma giya? Ka ji wani abu ne?"

Ga ƙofa an buɗe wa Yaya. Kalma ɗaya ce ta rage. Na ga gumi a goshinsa, ƙaton mutum mai 'ya'ya har da na aure.

Ya ce, "A'a, Baba. Ban ji komi ba."

Baba ya yi dariya ya dafa kafaɗarsa. "To ka gani. Wagga mota ko agogo bai kai ta shiru ba."

Da muka fito na ƙi yi wa Yaya sallama. Ya bi ni yana cewa in yi haƙuri, shi ba zai iya ba, mutumin nan ubansa ne. Na san gaskiya yake faɗa, kuma wannan ya fi ba ni haushi. Duk unguwar nan ba maƙiyin Baba ko ɗaya. Da yana da maƙiyi, da tuni an gaya masa.

Damina ta shigo, kukan ya zama gurnani. Fasinja suka fara gudun motar, sai wanda ya makara ko baƙon da bai sani ba. Baba yakan yini a layi ana tsallake shi. Ya ce 'yan kamasho ne suka shiga siyasa, sai ɗan jam'iyyarsu suke yi wa lodi. Nama ya sake ɓacewa daga miya. Inna ta fara dambu tana ba yara suna kaiwa bakin makaranta. Ni kuma kullum in na ji motar ta shigo layi sai in shiga lissafin haƙoran giyar da suka rage a ciki.

Wata safiya babur ɗina ya ƙi tashi. Baba yana dumama mota, ya dubi gilashi ya ce, "In wancan sakatariya za shi, ga hanya." Na shiga na zauna a gaba, karo na farko. A ciki abin ya wuce yadda nake zato. Ƙasan motar rawa yake, ƙarar tana shiga har cikin haƙora. Da ya sa giya ta uku sai sandar giyar ta yi tsalle ta fito da kanta. Ya mayar ya danne ta da hannu, ya ci gaba da tuƙi da hannu ɗaya, da alama ya saba. Ya ce wa gilashi, "Kujerar inji ce ta saki, shi ya sa take rawa. Ba wani abu ba ne." Hannunsa yana gaya masa gaskiya, amma ya fi yarda da kunnensa.

Na sunkuyar da kai na ce, "Baba, motar nan kuka take."

Da muryar da na saba yi masa magana na faɗa, muryar ɗan fari, wadda ba ta wuce ƙirji. Bai ji ba. Idonsa na kan hanya, ba ya ganin bakina. Na sake faɗa, na ɗan ƙara. Ko gezau. A nan na gane irin ramin da muke ciki. Maganar ladabi a ƙasa ake yin ta, shi kuma ƙasa ba ya ji. Ba yadda za a yi wannan magana ta isa gare shi sai da tsawa.

Mun zo daidai kwanar masu kayan miya, inda mutanen unguwa ke taruwa da safe, ya rage gudu, gilasai a sauke. Giyar ta sake tsalle da wata irin ƙara kamar an zuba tsakuwa a turmi. Ban san lokacin da na juya na dube shi ido cikin ido ba, na buɗe maƙogwaro gaba ɗaya.

"Baba! Motar nan kuka take! Giyabos ne! Kowa na ji, kai ne ba ka ji!"

Mai tumatir ya tsaya da gwangwani a hannu. Wasu dattawa a kan benci suka kawar da kai. Ni kuwa ji nake kamar na ɗaga hannu na mare shi a bainar jama'a.

Baba ya gangara gefen hanya ya tsaya, bai kashe inji ba. Ya miƙa hannu ƙarƙashin kujera ya jawo sukudirebarsa. Ya yaye robar da ke gindin sandar giya, ya zura bakinta har ya taɓa ƙarfen giyabos, ya manna mariƙin a kunnen dama. Ya daɗe. Ya juya na hagu. Na ga fuskarsa ba ta canja ba, bai ji komai ba. Na ɗauka zai mayar da ita ya ce in sauka in ba shi wuri.

Sai ya tsaya yana kallon mariƙin, yana jin yadda yake rawa a tafin hannunsa. A hankali ya sunkuya, ya buɗe baki, ya cije katakon da haƙoransa. Ya runtse ido.

Na ga lokacin da ƙarar ta isa gare shi. Girarsa ta tashi, kafaɗunsa suka sauka. Yana cije da ita ya taka kuloci, ya saurara. Ya saki, ya saurara. Ya sake takawa, ya sake saki, daidai yadda yake koya wa mutane a ƙofar gidanmu. Sannan ya zare ta daga bakinsa ya kashe mota.

Ya juyo ya dube ni. Tunda aka haife ni bai taɓa yi mini magana kai tsaye ba sai ranar.

Ya ce, "Tun yaushe?"

Yana kallon bakina, don haka ban buƙaci ɗaga murya ba. Na ce, "Tun ranar da aka kawo ta."

"Innarku ta ji?"

Na gyaɗa kai.

"Yaron nan na Ƙofar Sauri?"

Na gyaɗa kai.

"Motar kansila ma ke nan."

Wannan ba tambaya ba ce. Ya jingina da kujera yana kallon masu kayan miya, su kuma kowa ya sami abin yi da hannunsa. Bai yi faɗa ba, bai zage ni ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Can ya zaro makulli ya miƙo mini, ya ce in nemo masu turawa a kai ta gareji, kada a sake tayar da ita a hanya. Ya buɗe ƙofa ya koma gida a ƙasa.

Yaya makanike ya sauke giyabos a ranar. Da ya juye man a tasa, sai ƙyalli yake da garin ƙarfe. Boris ɗin ya tarwatse, haƙoran giya sun cinye, wasu sun karye sun zube a ƙasan kwanon. Ya ce babu abin gyarawa, sai dai wani giyabos ɗin gaba ɗaya, kuma mu duka mun san ba mu da halinsa. Ya zauna a kan tsohuwar taya ya yi kuka kamar yaro, yana cewa da ya sani. Ban rarrashe shi ba. Baba ya aiko a ce a harhaɗa ta yadda take a dawo masa da ita. Aka turo ta aka ajiye a ƙofar gida, inda motocin mutane suke tsayawa a da.

Ba ta sake zuwa Jibiya ba. Masu sayen gwangwan sun yi ta zarya, Baba ya ƙi sayarwa, duk da gidan yana bukata. Aka ɗora ta a kan duwatsu, awakin maƙwabta suka sami inuwa. Ya daina zama a zaure, ya daina kunna rediyo. In an gaishe shi ya daina amsawa a jere, sai ya nuna kunnensa ya ɗaga hannu. Wani bawan Allah daga ƙauye da labari bai kai masa ba ya taɓa kawo mota a saurara masa. Baba ya leƙo, ya dube ta, ya ce a kai wa masu kunne, ya koma ciki.

Abu ɗaya ne bai bari ba. Kowace safiya in ya karya, sai ya fito ya buɗe motar ya zauna a kujerar direba. Ya tayar da ita a nan inda take a kan duwatsu, ya zura sukudireba, ya cije mariƙin, ya runtse ido. Ƙarar takan cika layin, mummuna, har yara su toshe kunne. Na so in hana, don fetur ya yi tsada kuma mutane na kallo. Inna ta ce, "Ƙyale shi. Ita kaɗai ce yake ji yanzu. Ni ma ba ya ji na."

Daga nan ni nake sayo masa kwalbar fetur a wajen 'yan bumburutu, in kai batir caji in ya yi sanyi. Bai sake yi mini magana kai tsaye ba, na koma "wancan". Har ya bar duniya ban san ko ya yafe mini tsawar nan ba, ban kuma san ko ya yafe wa sauran shirunsu ba. Bayan rasuwarsa aka sayar da motar a kilo. Sukudirebar tana wajena. Katakon mariƙin duk ya lotsa, sawun haƙoransa ne ko'ina.